Kuɗin da maigida ke samu da kuɗin da takarda ta nuna: amsa ga mai jiran bizar iyali a Garwa

Tambayar ta fito ne daga wata 'yar'uwa a Garwa. Maigidanta yana birnin Niyok da katin zama na dindindin, wato girin kad, yana tuƙin Uber. Ya nema mata bizar zama ita da 'ya'yansu uku, hukumar shige da fice ta amince, dosiye ya isa cibiyar biza ta NVC, sai aka rubuto musu cewa kuɗin shigarsa bai kai abin da doka ta nema ba. Ta ce abin ya ɗaure mata kai, domin mutumin nan yana haɗa sama da dala 70,000 a shekara, bai taɓa fashin aiko da kuɗin cefane ba, ya gina gida a Garwa, yana kuma da shanu a hannun makiyayi. Takardar harajinsa ta bara dai dala 31,000 ta nuna. Tana son sanin ko gidan da shanun za su cike giɓin, da kuma abin da za a tambaye ta ranar ganawa a Yawunde.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ai kin riga kin sa yatsa a kan ciwon da kika ambaci takardar haraji. Jami'in ofishin jakadanci bai san abin da ke shiga aljihun maigida ba, ba shi kuma da hanyar sani. Abin da yake gani shi ne abin da maigida ya shaida wa hukumar haraji ta IRS da sa hannunsa. Direban Uber a wurin doka mai aikin kansa ne, don haka idan lokacin haraji ya zo yakan cire kuɗin mai da inshora da gyara da kason kamfani, sannan a ɗora masa haraji a kan abin da ya rage. Masu cike wa mutanenmu takardun haraji sun ƙware wajen matse wannan adadi, kowa ya yi ta sa musu albarka a watan Afrilu. Ranar da aka tashi ɗauko iyali sai murna ta koma ciki, domin adadin nan da aka matse shi ne za a ɗauka a matsayin kuɗin shigar mutum. Ba a duba jimillar da ta ratsa ta hannunsa, ba a duba abin da yake aikowa gida. A takardar haraji ta 1040 layin da ake kallo shi ne na jimillar kuɗin shiga bayan an cire ɗawainiyar sana'a, kuma a naku 31,000 ne.

Ga yadda lissafin yake. Tun dokar 1996, duk wanda ya nema wa iyalinsa bizar zama sai ya cike takardar ɗaukar nauyi mai suna I-864, ya nuna cewa kuɗin shigarsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci da gwamnati ke fitarwa kowace shekara. A jadawalin 2025, gida mai mutum biyu dala 26,437 ne, kowane ƙarin mutum ɗaya kuma a ƙara dala 6,875. Ku biyar ne, shi da ke da yara uku, ke nan ana neman dala 47,062. Giɓinku dala 16,062. Adadin yana ɗan hawa duk shekara, saboda haka ya buɗe jadawalin I-864P na shekarar da ake ciki kafin ya rubuta komai.

Wurin ƙirga kawuna ma ana yawan zamewa. Ba waɗanda za su hau jirgi kaɗai ake ƙirgawa ba. Duk ɗan da maigida ya haifa wanda bai kai shekara 21 ba kuma bai yi aure ba yana cikin lissafi, ko yana Garwa ko yana wurin kakarsa a Marwa, ko da wata matar ce ta haife shi. Duk wanda ya rubuta a takardar haraji cewa yana ƙarƙashinsa, shi ma yana ciki. Haka wanda ya taɓa tsaya wa da wannan takarda a baya, muddin nauyin bai sauka ba. Mutum zai sa ɗan ƙaninsa a haraji don a rage masa biya, ya manta, sai ga shi gidansa ya zama na mutum shida a idon hukuma.

Na san a unguwa ba za a rasa masu ba ki labarin Faransa ba, tunda can mutanenmu na arewacin Kamaru da Chadi suka fi sani. Kada ki haɗa. A Faransa sai mutum ya yi wata 18 da takardar zama, a duba albashinsa na wata 12, hukumar baƙi ta OFII ko ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, su zo su auna faɗin gidan da zai sa iyali. Amurka ba ta auna ɗaki. Amma tana da abin da Faransa ba ta da shi, wato damar wani ya tsaya wa mutum, kuma nan ne mafitarku take. Kafin mu je can bari mu gama da gida da shanu.

Doka ta yarda a cike giɓi da kadara, har da kadarar da ke wajen Amurka, har da taki ta kanki. Sharaɗin shi ne darajarta ta ninka giɓin sau biyar, tunda maigida mai girin kad ne. Giɓin 16,062 sau biyar ya ba da dala 80,310. Sannan kadarar ta zama wadda za a iya mayar da ita kuɗi cikin shekara guda ba tare da babbar asara ba, a kuma iya fitar da kuɗin daga ƙasar, a nuna shaidar mallaka da ƙiyasin darajarta daga wanda ya san aikin, a cire bashin da ke kanta. To gidan Garwa wace takarda gare shi? Idan titre foncier ne, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, da sunan maigida, akwai abin magana. Idan takardar ciniki ce da aka rubuta a gaban mai unguwa ko jauro da shaidu, a wurinmu ta isa, a tagar ofishin jakadanci kuwa da wuya ta yi nauyi. Shanu kam ki cire su daga lissafi. Dukiya ce ta gaske, amma ba su da takarda, adadinsu a bakin makiyayi yake. Motar da yake aiki da ita ma ba ta shiga, domin mota ba ta zama kadara a wannan lissafi sai ga mai fiye da ɗaya. A ra'ayina, ko da gidan na da cikakkiyar takarda, a sa shi a matsayin ƙarin ƙarfi kawai. Kada a jingina dosiye gaba ɗaya a kansa.

Akwai wata dabara da ake yawan kawowa, kuma ina roƙon ku bar ta: abokai su haɗa kuɗi a zuba a asusun maigida mako biyu kafin a buga takardar banki. Ana duba tarihin asusu na watanni, ba na rana ɗaya ba. Asusun da ya saba kwana da dala dubu biyu ya wayi gari da dubu tamanin, tambaya ɗaya ce za ta biyo baya, daga ina, kuma ke za a yi wa ita a Yawunde, ba shi ba.

Wasu za su ce ya je ya gyara harajin bara da takardar 1040-X. Ana yi, kuma halal ne idan gaskiya ake gyarawa, misali an cire ɗawainiyar da ba a kashe ba. Sai dai zai biya cikon haraji da ruwansa, kuma gyaran da ya zo kwatsam bayan an ce kuɗi bai kai ba, ya tsaya daidai kan adadin da ake nema, kowa ya san dalilinsa. Abin da ya fi shi ne harajin shekara mai zuwa ya fito da gaskiyar abin da ake samu. Idan kuwa ya samu aikin albashi, takardun biya na watannin baya-bayan nan da wasiƙar wurin aiki suna iya nuna cewa halinsa na yau ya wuce na bara, kuma ana karɓar wannan. Mai aikin kansa ne ba shi da wannan sauƙi, domin babu wanda zai rubuta masa wasiƙa sai shi. Ko ta wace hanya aka bi, ya ciro kwafin harajinsa daga shafin IRS kai tsaye. Kyauta ne, kuma ya fi wanda mai cike haraji ya buga masa karɓuwa.

Idan yana zaune gida ɗaya da ɗan'uwansa na jini, wa ko ƙane ko babban ɗa ko mahaifi, ana iya haɗa kuɗin shigarsu ta takardar I-864A. Abokan haya da ake raba ɗaki da su ba su shiga wannan, ko da garinku ɗaya, ko da tare aka yi makarantar allo.

Saura mai tsayawa, wanda shi ne abin da zan ba ku shawara a kai. Kowane ɗan Amurka ko mai girin kad da ya kai shekara 18, yake zaune a Amurka, yana iya tsayawa, ba sai dangi ba. Shi ma zai cike I-864 tasa, ya haɗa da harajinsa da shaidar zamansa ɗan ƙasa ko katinsa. Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne ba a tara kuɗinsa da na maigida. Ba cikon 16,062 zai kawo ba. Dole shi kaɗai ya ɗauki gidansa da ku huɗu. Gwauro marar kowa a ƙarƙashinsa, 47,062 ta ishe shi. Mai mata da 'ya'ya biyu kuwa, idan aka ɗora ku sun zama takwas, sai ya nuna dala 67,687. Idan ba a samu mai wannan ƙarfi ba, doka ta yarda da masu tsayawa biyu, ɗaya ya ɗauke ki da yaro guda, ɗaya ya ɗauki sauran biyun. Maigida kuma duk da haka sai ya cike tasa, ko da kuɗinsa bai kai ba. Dosiye da yawa sun yi watanni a ajiye saboda an ɗauka takardar mai tsayawa ta wadatar.

Ku gaya wa wanda za ku roƙa gaskiyar abin da zai sa wa hannu, domin wannan ba shaidar halin kirki ba ce. Yarjejeniya ce tsakaninsa da gwamnati. Idan kuka karɓi wasu nau'o'in tallafin marasa galihu, hukumar da ta bayar tana iya bin sa ya biya. Wanda aka tsaya wa ma yana da ikon kai shi kotu ya nemi a riƙe shi a kan ma'aunin nan na kashi 125. Nauyin ba ya sauka sai wanda aka kawo ya zama ɗan ƙasa, ko ya tara zangon aiki 40, wato kimanin shekara goma, ko ya bar ƙasar ya ajiye katinsa, ko mutuwa ta raba. Saki ba ya sauke shi. Idan mai tsayawa ya sauya gida ma sai ya sanar cikin kwana 30 da takardar I-865. Shi ya sa idan wani ya ce ba zai iya ba, kada a ɗauke shi marar zumunci. Shi ya sa kuma nake tsoron masu sayar da sa hannunsu. Wanda zai tsaya wa mutanen da bai taɓa gani ba don an ba shi kuɗi, ya tsaya wa wasu kafin ku, sunansa yana cikin na'ura, kuma duk waɗanda ya tsaya wa ana ƙirga su a gidansa. Ranar ganawa za a iya tambayar ki wane ne wannan mutum, ina ya san maigida, me yake yi. Ki san amsa, ki taɓa gaisawa da shi ko a waya ne.

Wasiƙar da NVC ta aiko ba ƙin biza ba ce. Su masu tattara takardu ne, hukunci na jami'in da zai gan ki ne. Amma kada ku ce bari mu je a haka mu gwada sa'a. Daga Garwa zuwa Yawunde da yara uku, mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare, masauki a unguwar Birkitari, kuɗin likita, ga dala 325 na kowane mutum ɗaya da 120 na takardar ɗaukar nauyi da aka riga aka biya, ba tafiyar gwaji ba ce. A gyara tun dosiye yana NVC.

Dole in faɗa miki halin da ake ciki kuma. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta sa Chadi cikin ƙasashe 12 da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, har shugaba Mahamat Idriss Déby ya mayar da martani da dakatar da ba Amurkawa biza. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu na Njamena, waɗanda su ma a Yawunde aka saba yi musu ganawar bizar zama. A watan Janairun 2026 kuma ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta sanar da dakatar da buga bizar zama ga 'yan ƙasashe 75, Kamaru na ciki, da hujjar gudun waɗanda za su zame wa gwamnati nauyi. Sanarwar ta ce za a ci gaba da karɓar takardu da yin ganawa. Irin wannan umarni yakan sauya, saboda haka ku riƙa duba shafin ma'aikatar da na ofishin jakadanci da kanku, ku bar ta-ce-ta-ce ta WhatsApp. Abin da ke hannunku shi ne kada dosiye ya mutu. Idan aka yi shekara guda ba a tuntuɓi NVC ba, doka ta ba su damar fara rufe shi. Ku riƙa shiga shafinku, ku riƙa amsa saƙo. Hujjar da aka kafa dakatarwar a kanta kuma tana nuna miki inda ido zai fi tsayawa duk ranar da aka kira ku.

Yanzu ganawa. Ofishin yana kan titin Rosa Parks a Yawunde. Ba zama ake yi a falo ba, tsayuwa ce a taga, gilashi tsakaninku. Za a karɓi takardu na asali, a ɗauki zanen yatsu, ki ɗaga hannu ki yi rantsuwa cewa abin da ke cikin takardar neman biza ta DS-260 gaskiya ne, sannan a yi tambayoyi na 'yan mintoci. Jami'in ya riga ya karanta dosiye kafin ki buɗe baki. Abin da yake nema shi ne ya ga ko bakinki da takarda sun zo ɗaya. Don haka shirin da ya fi kowanne amfani shi ne ki san abin da aka rubuta da sunanki. Mata da yawa ba su taɓa ganin DS-260 ɗinsu ba, wani yaro ne ya cike a shagon intanet, ko maigida ya cike daga can. A buga miki ita, a karanta miki layi-layi da Hausa, har wurin da aka tambayi sunayen da kike amfani da su a Facebook da sauransu cikin shekara biyar. Inda aka yi kuskure a gyara, ko ki faɗa da bakinki a taga kafin rantsuwa. Ana magana da Turanci ko Faransanci. Idan Faransancinki na kasuwa ne kawai, ki nemi izinin shiga da tafinta tun kafin ranar, kada kunya ta sa ki riƙa cewa “oui” ga abin da ba ki gane ba.

Kunyar nan ita ce abin da na fi so ki yi aiki a kai. Mu a gida mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na ɗan fari, ba ta kallon baƙon namiji ido cikin ido, idan aka tambaye ta yadda suka haɗu sai ta sunkuyar da kai ta yi murmushi. Tarbiyya ce. Amma wanda ke bayan gilashi yana iya ɗaukar wannan a matsayin rashin sani ko ɓoye wani abu. Ranar nan ki faɗi sunan maigida cikakke kamar yadda yake a fasfo, da ranar haihuwarsa, da unguwar da yake zaune, da su wa yake zaune, da aikin da yake yi, da shekarar da ya tafi, da zuwansa gida na ƙarshe. Idan auren zumunci ne ko iyaye ne suka haɗa, ki faɗa haka. Ba laifi ba ne, jihar Niyok ma ta yarda da aure tsakanin 'ya'yan wa da ƙane. Kada wani ya koya miki labarin soyayya irin na fim. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ya fi ki yi kintace.

Takardar aurenmu ta Kamaru tana da nata tarko. A akit ɗin meri ana rubuta zaɓin ma'aurata, mace ɗaya ko fiye, kuma yawancin mazanmu polygamie, wato fiye da ɗaya, suke zaɓa ko ba su da niyyar ƙari. Rubutun kaɗai ba ya hana biza, amma yana jawo tambaya, domin dokar Amurka ta hana shiga ga wanda zai je ya zauna da mace fiye da ɗaya, kuma auren fari kaɗai take gani muddin yana raye. Za a tambaye ki ko kina da kishiya, ko ya taɓa aure kafin ke. Idan ya taɓa, ana buƙatar shaidar rabuwa daga kotu ko takardar rasuwa. Saki na baki, ko 'yar takardar da aka rubuta aka ba mace ta tafi da ita gidansu, ba su isa ba. Sannan da yawa an ɗaura aure a masallaci shekaru, sai da maganar tafiya ta taso aka je meri, ranar akit ta zo bayan haihuwar yara. Ki faɗi ranakun biyu yadda suke, ki tafi da hotunan biki da na suna. Amaren da aka ɗaura musu aure da wakili ango yana can su lura, doka ba ta ƙirga wannan aure sai an nuna ma'auratan sun tare bayan ɗaurin. Ke mai 'ya'ya uku wannan bai shafe ki ba, sai dai ana iya gwada hatiman shiga da fita na fasfon maigida da ranakun haihuwar yara, don haka ya aiko miki da kwafin shafukan, har na tsohon fasfo.

Ki kuma zauna da maigida a waya ki tambaye shi abin da ya rubuta lokacin da ya samu katinsa. Idan ta cacar biza ya shiga kuma a lokacin kuna da aure amma ya rubuta ba shi da mata, ko ta auren wata Ba'amurkiya ya samu alhali kina ɗakinki, tsohon dosiyensa yana nan, kuma za a iya buɗe shi. Wannan ya wuce shawarar nesa, sai ya ga lauyan shige da fice kafin ki taka ƙafa a ofishin, domin abin yana iya taɓa katinsa shi kansa.

A kan yara, abu biyu. Akit ɗin haihuwa da aka yi a makare ta hanyar hukuncin kotu mai suna jugement supplétif ana karɓarsa, amma a tafi da hukuncin kotun, da katin awo da na rigakafi da takardun makaranta, duk abin da ya nuna yaron yana ɗauke da wannan suna da wannan ranar haihuwa tun da can. Na biyu, ɗan riƙo. A wurinmu ɗan yayarki da kika raina tun yana shan nono ɗanki ne, kuma babu mai musu. A dokarsu ba ɗanki ba ne sai an yi riƙo ta kotu kafin ya kai shekara 16, ya kuma zauna a hannunku shekara biyu. Idan jami'i ya yi shakka zai ba da shawarar gwajin jini na DNA, maigida ya biya a ɗakin gwaji da aka amince da shi a Amurka, a aiko kayan gwajin ofishin kai tsaye. Wanda aka kama da ƙarya da gangan don samun biza, haramcinsa na har abada ne, kuma a kan wadda ta yi rantsuwa yake faɗawa. Masu 'yan mata da suka tasa kuma su sani, yaron da zai bi uwarsa dole ya kasance bai yi aure ba har ranar da ya sauka a Amurka. Ɗaurin aure kafin tafiya yana fitar da yarinya daga dosiye.

Za a taɓa maganar kuɗi ta ɓangarenki ma. Ban da takardar ɗaukar nauyi, doka ta ce jami'i ya duba shekarun mai nema, lafiyarsa, yawan iyalinsa, abin hannunsa, karatunsa da sana'arsa. Idan aka ce me za ki yi idan kin je, kada ki ce zama. In kina ɗinki ko kitso ko saye da sayarwa, ki faɗa. In kina da takardar makaranta irin BEPC ko CAP ko bak, ki riƙo. Maigida ya binciko yadda zai sa ku a inshorar lafiya, ya gaya miki, domin tambaya ce da ake yi. Ki kuma zo da sabbin takardun kuɗi. Idan lokacin haraji ya zagayo tsakanin aika dosiye da ranar ganawa, harajin sabuwar shekara za a nema, nasa da na mai tsayawa.

Gwajin lafiya a wurin likitan da ofishin ya ayyana kaɗai ake yi, na wani asibiti ba ya aiki komai girmansa. Ki isa Yawunde da sauran kwanaki, da katunan rigakafin yara. Idan hoton ƙirji ya nuna alamar tarin fuka za a ɗauki majina, sakamakon yakan ci mako takwas. Takardar shaidar rashin laifi, bulletin numéro 3, ana neman ta ga duk wanda ya kai shekara 16.

Idan aka miƙo miki takarda mai lamba 221(g), kada ki fito kina kuka a titi. Ma'anarta akwai abin da ya rage ko ana ƙarin bincike, kuma kuna da shekara guda ku kawo abin da aka lissafa. Idan aka ba da biza, iyakarta wata shida ce, wani lokaci ƙasa da haka saboda tana bin ranar gwajin lafiya. Akwai dala 235 na kowane mutum da ake biya wa hukumar shige da fice ta USCIS don a buga girin kad. Ke ce kan dosiye, yara ba za su riga ki shiga ba. Kada a sayar da komai, kada a cire yara daga makaranta, sai fasfo ya dawo hannu da biza a ciki.

Abu na ƙarshe na maigida ne. Idan shekarunsa biyar da kati sun cika ya zama ɗan ƙasa kuna cikin jira, ya sanar da NVC. Ke za ki fita daga layin F2A na mata da 'ya'yan masu girin kad, mai jiran lamba, ki koma rukunin da ba ya jira, ninkin kadara kuma ya sauko daga biyar zuwa uku, wato dala 48,186 a lissafinku. Amma yara ba za su ƙara bin bayanki a dosiye ɗaya ba. Kowannensu sai an cike masa takardar neman ɗauko iyali, wato I-130, tasa, dala 675 a takarda ko 625 ta intanet a farashin da aka sa tun Afrilun 2024. Ya shigar musu tun kafin ya je rantsuwar zama ɗan ƙasa, don kada a kira ki ke kaɗai su ukun suna baya.